Lita Huɗu a Hanyar Damaga

Bakura,
Lahadi, 3 ga Oktoba.

Zuwa ga aminina Malam Hosea Dauda, tsohon malamin kanikanci, Talata Mafara.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da uwargida Priscilla da sauran iyali. Yaya ƙarshen damina, yaya kuma gwiwar nan taka? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu ma nan kalau muke, sai abin da ba a rasa ba.

Bayan haka, ka san ni ba mai son magana a waya ba ne ko lokacin da take aiki, balle yanzu da layi ya ɗauke. Saboda haka na ba Fa'izu direba wannan takarda, kuma ina son amsarta a rubuce.

Maganar baburin ɗana Mas'ud ce, wato dogon mashin ɗin nan ɗan gwanjo da ka zaɓa masa da hannunka wata biyar da suka wuce, sa'ad da aka mayar da shi Maradun a matsayin malamin dabbobi. Ina riƙe da kalmominka, domin na rubuta su a ranar. Ka ce irinsa don ƙetare sahara aka ƙera shi, yashi da laka da gargada duk ɗaya ne a wurinsa, kuma mahayi zai gaji shi bai gaji ba. A kan wannan shaida taka na amince, ko da yake a ganina ƙaramin babur irin na kowa ya ishe shi.

To, ga abin da ya biyo baya. Jiya matarsa Raliya ta aiko mini da saƙo ta bakin Fa'izu, ba da sanin mijinta ba, cewa baburin ya mutu masa a hanyar Damaga ranar Alhamis, kuma wannan ne karo na uku. Yana cikin tafiya injin ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Ya tura shi cikin gonar dawa ya zauna kusan minti arba'in, shi kaɗai da akwatin allurar shanu, kafin baburin ya yarda ya tashi. Ba sai na gaya maka ma'anar minti arba'in a kan wannan hanya a wannan shekara ba. Mutanen daji masu bindiga ba sa aiko da sanarwa kafin su fito.

Ni safiyo ne. Shekara talatin da ɗaya na yi ina auna magudanan ruwa, ban san cikin inji ba. Amma na san duk abin da ya lalace sau uku a hanya ɗaya yana da dalili. Don haka ka ba ni amsar waɗannan. Na ɗaya, wane irin ciwo aka san waɗannan babura da shi? Na biyu, ka duba shi kuwa tun da aka saya, ko dai kallon fenti ka yi? Na uku, in ka san ba ka iya da shi ba, me ya hana ka faɗa?

Tun jiya na kasa zama. Na kunna rediyo na kashe, na ɗauki littafi na ajiye. Mahaifiyarsa Taiba ta ce in na ci gaba da kai-komo a tsakar gida zan haƙa mata rijiya da ƙafa.

Ka huta lafiya.
Naka,
Nasidi Birnin Tudu, safiyo mai ritaya.

Talata Mafara,
Laraba, 6 ga Oktoba.

Safiyo, ranka ya daɗe, sarkin na-ɗaya-na-biyu.

Ina gaisuwa, ina gaida Hajiya Taiba. Priscilla tana gaishe ku. Gwiwa tana nan, ita ma ta yi ritaya ba ta gaya mini ba.

Takardarka ta iso, kuma a tsaye na karanta ta kamar ɗalibin da za a zane. Shekara hamsin da muka zauna benci ɗaya a makaranta, har yau ba ka iya tambayar mutum ba sai ka gurfanar da shi. Amma ba zan yi fushi ba, don Mas'ud ɗana ne, a hannuna ya koyi hawan keke.

Ga amsarka. Irin waɗannan babura masu matsakaicin inji, shi injin kansa bai cika ba da kunya ba. Ƙananan abubuwan da ke kewaye da shi su ne maciya amana. Akwai wani ɗan makunni a jikin ƙafar da ake jingine babur, aikinsa ya kashe inji in mutum ya manta bai ɗage ta ba. Da laka ta shige shi sai ya riƙa kashe inji ba gaira ba dalili. Akwai abin cajin batir, wanda zafin ƙasarmu ke dafawa. Akwai kan batir da gargada ke kwancewa. Akwai lagireto, da yake da ruwa ake sanyaya injin, in taɓo ya toshe shi sai inji ya ɗau zafi. Sai sarƙa da ke miƙewa saboda yashi. Waɗannan su ne cututtukan gidansu.

Sau biyu Mas'ud ya kawo mini shi, kuma duk na bi su ɗaya bayan ɗaya. Makunnin na wanke, kan batir na ɗaure, caji yana shiga daidai, lagireto fes. Na zuba masa mai rabin tanki daga jarkar janaretona, na hau da wannan gurguwar gwiwa, na je mararrabar Bakura na dawo sau biyu da rana tsaka. Ko atishawa bai yi ba. To mi kake so in gyara? Bakanike ba boka ba ne, sai ciwo ya nuna kansa.

Abu ɗaya ka sani, wannan ba shi da kafireto irin namu na da, wanda za ka kwance ka hura da baki ka mayar. Famfon lantarki ne ke tura masa mai, wata 'yar ƙwaƙwalwa tana auna masa. Shi ya sa nake bukatar labari cikakke. Na tambayi yaron, sai ya sunkuyar da kai yana “to Baba, to Baba”. Kai da yake tsoro, tambayar mini shi: ƙarfe nawa yake mutuwa, bayan tafiyar minti nawa, wane irin kuka yake yi kafin ya mutu, sannan mai nawa ke cikin tanki a lokacin.

Kuma ka zauna hakanan, ka bar wa Hajiya tsakar gidanta.

Amininka,
Hosea.

Bakura,
Juma'a, 8 ga Oktoba.

Zuwa ga ɗana Mas'ud, Maradun.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina fata kuna lafiya kai da iyalinka, ya aiki, ya jama'a. Mahaifiyarka tana gaishe ku.

Labarin abin da ya same ka a hanyar Damaga ya iso gare ni. Kada ka tambayi ta inda ya zo, kuma kada ka ɗaga wa kowa murya a kansa. Abin da ya ɓata mini rai shi ne sau uku abu ya faru, sau uku ka yi shiru. Ban tarbiyyantar da kai a kan ɓoye rahoto ba.

Malam Hosea yana bukatar amsar tambayoyi huɗu, ni kuma ina bukatar ganinsu kafin shi. Ka rubuta su da lamba, da tawada, ba da fensir ba.

Ɗaya, da ƙarfe nawa baburin ya mutu a kowane karo?
Biyu, bayan tafiyar minti nawa?
Uku, wane sauti ya yi kafin ya mutu?
Huɗu, mai nawa ne a tankin?

Bayan wannan, ranar Asabar sha shida ga wata ka kai masa shi Mafara, ka bar shi ya kwance duk abin da ya ga dama. Idan bai gano ciwon ba, shawarata ita ce ka jingine wannan raƙumin, ka nemi a sauya maka wurin aiki. Shanu na da masu su. Ni kai nake da.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka.
Mahaifinka,
Nasidi.

Maradun,
Talata, 12 ga Oktoba.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina durƙusawa ina gaisuwa, da fatan Baba da Inna suna cikin ƙoshin lafiya. Raliya tana gaisuwa. Ina neman gafara a kan shirun da na yi, gudun tayar da hankalinku ne.

Ga amsoshin.

Ɗaya, duka ukun tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu na rana ne, a hanyar dawowa. Da safe bai taɓa yi ba.
Biyu, bayan tafiyar kamar minti hamsin, galibi a wurin da gargada ta fi yawa.
Uku, akwai wani siririn kuka da ke fitowa daga ƙarƙashin tanki, kamar na sauro. In zai mutu sai kukan ya yi kauri, inji ya yi tari, shi ke nan. In ya huce sai ya tashi kamar ba shi ba.

Zan kai wa Baba Hosea shi ranar Asabar in sha Allahu.

Batun sauya wurin aiki kuwa, ina roƙon Baba ya yi mini haƙuri. Ciwon huhu ya shiga shanu a rugagen da ke bayan Damaga, garke biyu sun riga sun kama. Na sha wahala kafin ardonsu ya yarda a tara sauran wuri ɗaya a yi musu rigakafi, kuma an sa ranar Alhamis ashirin da ɗaya ga wata. Mutanen nan ba sa tara dabbobinsu a fili yanzu sai da fargaba. In na saɓa wannan rana ba za su sake tarawa ba, ba za su kuma sake yarda da maganar ma'aikaci ba. Ƙaramin babur ba ya iya ɗaukar akwatunan sanyi biyu a wannan yashi. Dole in je, kuma da wannan zan je.

A sa ni a addu'a.
Ɗanka mai biyayya,
Mas'ud.

Talata Mafara,
Lahadi, 17 ga Oktoba.

Nasidi,

Ina gaisuwa. Yau ba zan tsawaita ta ba, daga coci na dawo ko riga ban tuɓe ba na zauna rubutu.

Na gode da ka turo mini takardar yaron, har ka ja jan layi a inda amsa ta huɗu ya kamata ta kasance, ka rubuta “sakaci” a gefe. Ba sakaci ba ne. Saurara.

Jiya ya zo, shi da Raliya. Da na karanta zancen kukan sauro na san inda zan nufa. Na sauke tanki na ciro famfon. Safiyo, robar jikinsa ta yi baƙi ta ƙanƙance, rariyarsa cike da dauɗa. Shi wannan famfo a cikin tanki yake zaune, man da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi, kamar kifi a ruwa. In mai ya yi ƙasa, ga zafin rana, ga gargada tana watsa ɗan abin da ya rage gefe da gefe, sai ya riƙa zuƙar iska da datti, ya yi zafi, ya tsaya. In ya huce ya tashi. Shi ya sa bai taɓa mutuwa a hannuna ba, ni da nake zuba masa rabin tanki kafin in hau.

Na ce, “Kai Mas'ud, tankin lita goma sha bakwai, kana shiga daji da ɗan abin da ko kaza ba zai jiƙa ba? Rowa ce ko hauka?” Ya ce, “Baba, a dai gyara.” Sai Raliya da ke ɗaki da Priscilla ta ɗaga labule ta ce, “Baba Hosea, in shi ba zai faɗa ba ni zan faɗa, don ni za a bari da takaba.”

Ashe ranar da zai tafi Maradun ka tsayar da shi a zaure, a gaban mahaifiyarsa, ka ce masa in ya taɓa zuba fiye da lita huɗu a tankin nan ba ka yafe ba. Ba ka yafe ba, Nasidi! Kalmar da ko a kan kisan kai uba ke jinkirin furtawa, kai ka ɗora ta a kan fetur. Kuma yaron ya daɗe da zargin inda ciwon yake. Ya zaɓi ya zauna cikin dawa yana jiran ajali da ya rubuto maka cewa dokarka ce ke kashe masa inji.

Na sa masa wani famfon da ya yi daidai da shi, wanda na ciro daga wata mota. Na cika tankin da hannuna har baki, na shiga wanke hannu. Da na fito na tarar da shi durƙushe da tiyo a baki, yana mayar da man cikin jarkata. Ya bar lita huɗu cif, ya goge bakinsa, ya yi mini godiya, suka tafi.

Wannan famfon ma ba sabo ba ne. In aka yi masa abin da aka yi wa na farko, ban ba shi tafiya biyu ba. Alhamis saura kwana huɗu. Nawa aikin na gama. Saura naka.

Hosea.

Bakura,
Litinin, 18 ga Oktoba.

Zuwa ga Malam Hosea.

Bayan gaisuwa, takardarka ta same ni, kuma na karanta ta sau huɗu. Akwai kalmomi a ciki da ban saba karɓa daga kowa ba, amma na bar su.

Ina so a rubuta dalilina, domin kada a ɗauka hauka na yi. Makonni biyu kafin tafiyarsa, an tsare ɗan maƙwabcina a wani shingen jami'an tsaro. Sun buɗe tankinsa suka tsoma kara, suka ga a cike yake, suka ce mai yake kai wa mutanen daji. Kwana goma sha ɗaya ba a san inda yake ba, kuma da ya dawo ba da ƙafarsa ya shigo gida ba. Nasa tankin bai kai na Mas'ud ba. Sai na zauna na auna nisan Maradun zuwa Damaga da dawowa a taswirata, na lissafa abin da injin ke sha, na ƙara kashi goma cikin ɗari saboda yashi. Lita huɗu ta fito. Lissafin nan babu kuskure a cikinsa, na sake bin sa jiya. Abin da ban sani ba shi ne akwai wani abu a cikin tankin da ke bukatar wanka. Ba wanda ya gaya mini. Kai ma ba ka gaya mini ba.

Na san yaron. Da shawara na ba shi, da ya cika tanki ranar da ya ga dama. Shi ya sa na ɗaure shi da abin da na san ba zai tsinke ba.

Yanzu ga ni tsakanin shinge da daji. In ya cika, a tsare shi. In bai cika ba, ya tsaya inda ba mai ceto. Yau sau uku na sa hula na fita ƙofar gida na dawo, ban san inda za ni ba.

Na yanke shawara kamar haka. Ga wata takarda nan a haɗe, da sa hannuna da kwanan wata, inda na ɗaga iyakar zuwa lita takwas. Ka duba ko takwas za ta rufe famfon. In ta yi, ka ba Fa'izu ya wuce da ita Maradun.

Naka,
Nasidi.

Talata Mafara,
Talata, 19 ga Oktoba.

Safiyo,

Gaisuwa. Ga takardarka ta lita takwas na maido maka. Ba kasuwar Mafara muke ba da za ka ce albarka in ce ƙara. A wannan gargada, da nisan rugagen nan, a cike nake son tankin.

Ban gaya maka zancen famfo ba, gaskiya ne, wannan laifina ne, na ɗauka. Ban taɓa zaton akwai mai shiga daji da gangan da tanki a bushe ba.

Amma ko ka rubuta sha bakwai, takarda ba za ta yi ba. Na ce wa Mas'ud ranar Asabar, “In Babanka ya rubuto fa?” Ya ce, “Baba Hosea, zai rubuta ne don kun matsa masa. Ni idonsa na gani ranar da ya faɗa.” Ni ba addininku nake ba, amma na zauna da ku na san wannan: abin da baki ya ɗaure, baki ne ke kwance shi. Fa'izu zai tashi zuwa Maradun gobe ƙarfe goma. Gaban mota akwai wuri.

Hosea.

Maradun,
Alhamis, 21 ga Oktoba, bayan la'asar.

Zuwa ga aminina Malam Hosea.

Gaisuwa mai yawa. Na iso jiya. Na faɗa wa Mas'ud da bakina, a tsaye, Raliya tana shaida, cewa na janye kuma na yafe. Kalma biyar na shirya, uku suka fita: “Na yafe maka.”

Yau da safe na tsaya a gidan mai har aka cika tankin. Sannan na ce masa tunda ni na ce a cika, in akwai wanda za a tsare a shinge to ni ne. Ya roƙe ni, ban saurare shi ba. Mutum biyu suka ɗora ni a baya tsakanin akwatunan.

A shinge sun tsoma kara. Na sauka na yi musu bayanin famfo da kifi da ruwa, tun daga farko, da lamba. Ina kan na uku babbansu ya ce, “Baba, don Allah ku wuce.”

An yi wa shanu ɗari uku da sittin da biyu allura. Mun baro Damaga ƙarfe ɗaya da kwata, cikin tsakiyar zafi. Ya nuna mini gonar dawar da ya ɓuya, na ƙara riƙe rigarsa. Mun shigo gida biyu da minti goma. Injin bai yi tari ko sau ɗaya ba.

Bayana ya riƙe, a kwance nake wannan rubutu, ka yi haƙuri da karkacewar layi. Yaron yana tsakar gida yana cin tuwo, ina jin muryarsa daga nan.

Ka gaida Priscilla.
Naka,
Nasidi.